Taubashina da Ruwan Kumfa

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Mai sussuka ta jingine taɓarya, mai goyo ta jijjiga shi shi yi shiru. Abin da zan faɗi ba tatsuniya ba ce, ko da ta yi kama da ita. Mutum ne anka yi, ya ci tuwo da mu, ya sha ruwan rijiyarmu ta Barmu, yanzu ƙasa ta rufe mishi ido. Ina son in faɗe shi tun bakina na da sauran ƙarfi, don kada gobe a tambayi jikokinmu ko wane ne shi su tsaya kallon juna.

Taubashina ne, ɗan kawuna. Ya rasu bayan an gama zuba hatsi a rumbu, da la'asar sakaliya, shina zaune bisa tabarma a ƙofar gidanshi, da goro a hannu bai kai ga ɓarawa ba. Allah shi jiƙanshi, shi sa ya huta.

Na tafi gidan makoki da kukana a shirye. Ina shiga zaure na sake shi. Matarshi ta taso ta rungume ni, idonta jajur, ta ce, "Yaya, ya bar miki saƙo. Ya ce in kin zo kina kuka a shaida, yau dai baiwa ta yarda ta yi rashin ubangida." Ban san sa'ad da dariya ta ƙwace mini ba, hawaye na zuba cikin bakina. Haka munka wuni. A fara kuka, wata ta tuno wani abin da ya taɓa ce mata, sai ɗaki shi ɗauka. Abokan aikinshi na dā sun zo daga Tawa cikin mota, da gilashin ido da manyan riguna, su ma ana jiyo ƙyaƙyatawarsu daga waje. Wata mata ta zo daga Bambai da ɗiyarta budurwa, ta ce shi ya gano abin da ke cikin jinin yarinyar tun tana goye, lokacin da kowa ya cire rai. Wani makiyayi ya zo bisa raƙumi daga bayan Takanamat, fuska rufe da rawani, ya aje cuku a bakin tabarma, ya zauna har rana ta karkata. Kalma guda ya faɗi, "tanimmert", wato godiya da harshensu, ya hau raƙuminshi ya koma.

Wani matashin malami ya ɓata rai, ya ce wanga wane irin makoki ne ana dariya. Tsohon limaminmu ya ce mishi, "Bar su, ɗana. Kowa abin da ya shuka shi ake girbe mishi."

Shi ɗan namiji ne, ni ɗiyar mace, don haka tun muna wasan ƙasa yake ce mini baiwarshi. Ni kuwa ban taɓa amsawa ba. Ce mishi nake mai leƙen fitsarin mutane, don aikinshi ke nan. Shi anka ɗauka lakwal, wato makarantar boko, a gidan kawu, kakarmu ta yi ta kuka kamar an kai shi mahauta. Ya tafi da ɗan bante, ya dawo da gajeren wando da Faransanci, daga baya ya samu aiki a asibitin Tawa, ɗakin da suke ce ma labo. Can ake kai jini da majina da fitsari da abin da ba a faɗi gaban abinci, shi kuwa shi zauna shi leƙa su cikin wani madubi mai mai da ƙanƙanen abu babba.

Ba ya iya ganin ƙarfe da tsatsa shi wuce. Akwai wani tsumma mai maiƙo da ke cikin aljihun mobilet ɗinshi, wato ɗan babur, kullum. In ya zo gidanmu, kafin shi sha ruwa, sai shi ɗauki hauyata shi hau gogewa.

"Baiwa, kin bar iska na cin hauyarki."

"Iska haƙora gare ta? Aje mini kayana, mai leƙe-leƙe."

Sai ya ɓare farin goro ya aje bisa tabarma tsakaninmu. Munka gaisa, munka tambayi gida da dabbobi da wanda ya mutu da wanda ya haihu. Da munka waiwayo, cikin goron ya yi ja-ja. Ya ce, "Wa ya taɓa shi?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To ga haƙoranta nan. Iskar nan da muke shaƙa, ita ke hura wutar rai, ita ce kuma ke cin ƙarfe, ita ke ɓata man shanu in ya daɗe. Mu ma tana cinmu a hankali. Sai dai Allah ya sa mana masu shafa mai daga ciki." Ya ɗauke goron ya jefa a baki, ya hana ni.

Masu shafa man nan na gan su da idona. Wata shekara masassara ta kama ni, anka kai ni Tawa. Ya soki ɗan yatsana, ya shafa jinin bisa wani ɗan gilashi, ya rina shi, ya leƙa. Da ya gama abin da zai gani sai ya ce, "Zo ki ga mutanen gidanki." Na rufe ido ɗaya na leƙa. Subhanallahi! Kamar an watsa gero bisa faifai, ƙanana ƙanana, jajaye, ba su ƙirguwa. Tsakaninsu ga wasu manya ɗai-ɗai, sun yi turu-turu.

Ya ce, "Manyan nan su ne farare. Su ne sojojinki."

Na ce, "Ashe makaho anka ba aikin leƙe. Waɗanga ai shuɗɗa ne kamar rawanin mutanen arewa."

"Ni na rina su, baƙauya, don su fito. Ki saurara. In ƙwayar cuta ta shigo, waɗanga ke tarbarta, su haɗiye ta, su zuba mata wani ruwa mai ƙuna da suke dafawa da kansu. Ruwan ba ya da ɗan'uwa. Yadda zai ƙone baƙo haka zai ƙone ɗan gida. To mai yawo da wuta cikin garin da duk ɗakunan kara ne, mi ya kamata shi riƙe a ɗaya hannun?"

Na ce tulu.

Ya ce, "Yau kin yi magana kamar ɗiyar namiji. Kowane ɗayansu na da tulunshi a ciki. In ƙunar ta yi yawa, ta fara cin gida, sai su saki abin da ke cikin tulun, shi fito waje shi kashe ta, su tsira, maƙwabta su tsira." Ya faɗi sunan abin da Faransanci, na ce shi riƙe kayanshi, ni tulu ya ishe ni.

Na koma Barmu ina tafiya a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Kwana da kwanaki in zan yi tsaki sai in tuna akwai jama'a a jikina suna aiki ba dare ba rana, ba su taɓa neman ko fura ba.

Lokacin nan ne jam'iyyu sunka fito kamar fara. Kowa da tutarshi, kowa da mai waƙarshi, ma'aikata kuwa a yi wata da watanni ba albashi. Taubashina ya kama ɗan lambu shina noman albasa da tumatir, da safe shi tafi labo, da marece shi ja guga. Duk jam'iyyar da ta kawo mishi atamfa sai shi karɓa shi yi godiya. Anka tambaye shi to kai wace kake yi? Ya ce, "Ta fararen cikin jini. Ba su kamfe, ba su yajin aiki."

To, yanzu ga abin da ya sa na tara ku.

Shekarar da kuɗinmu sunka faɗi, komai ya yi tsada har allura, maigidana, wanda nike ce ma Malam, ya hau gawo da rani shina sarar ma awaki reshe. Gatari ya kuɓce ya same shi a ƙwauri. Rauni ne mai baki, amma ba wanda zai kashe mutum ba. Manjo, wato babban likitan ɗan asibitinmu na Barmu, ya wanke ya ɗaure, ya ce a riƙa zuwa.

Babban ɗanmu a lokacin shina Abijan wajen nema. Damina ta wuce bai zo ba, ga wata na tahowa, ba labarin zuwa. Kun san ɗan fari. Ba a faɗin sunanshi, ba a yabonshi, ba a ce an yi kewarshi. Malam tun da anka haife shi bai taɓa ɗaukarshi gaban mutane ba. In masu dawowa daga Abijan sun zo gaisuwa, zai tambayi lafiyar ɗan kowa a unguwa, nashi kaɗai zai tsallake, shi kafa kunne ko wani zai faɗi da kanshi.

Labarin raunin ya kai Abijan a bakin matafiya. Sai ga kwali ya iso hannun wani maƙwabci, cike da kwalabe masu duhu, da saƙon baki: a ce ma Baba shi riƙa wanke ƙafa da wanga, maganin birni ne. Ruwa ne fari tas kamar na rijiya. Malam ya kwance ɗaurin manjo ya tsiyaya. Jama'a, sai raunin ya hau tafasa! Kumfa fara sol ta taso tana ƙara, shuuu, kamar an zuba nono a tukunya mai zafi. Malam ya cije leɓe don zafi, amma fuskarshi kamar an ba shi sarauta. Ya ce, "Kun gani? Ciwon ne ke fita."

Daga ranar nan abin ya zama kallo. Kowace safiya bayan an sha kunu sai shi fito ƙofar gida da kwalba, shi miƙe ƙafa bisa turmi. Tsofaffin unguwa su kewaye shi. A zuba, kumfa ta tashi, a yi kabbara. Wani shi ce, "Kai, yau ma da saura!" Wani shi ce, "Wa ya aiko da wanga abin mamaki?" Malam shi sunkuyar da kai shi ce, "Wani yaro ne can." Har anka sa ma maganin suna, ruwan kumfa.

Kumfa ba ta ƙare ba, rauni bai rufe ba. Bakinshi ya yi fari ya buɗe, ya fi yadda yake, gefe ya fara duhu. Malam ya koma dogara sanda, daga baya sandar ma ta gaza. Manjo ya zo har gida. Yaro ne mai ladabi, Bazabarme, Hausarshi na ɗan tuntuɓe. Ya ce, "Baba, ka bari wanga ruwa." Malam ya ce to, da ya juya baya ya ce yaro bai san ciwon ƙasarmu ta Adar ba. Manjo ya ja ni gefe ya ce, "Inna, in duhun nan ya kai ƙashi, sai Tawa, kuma can wuƙa ce. Daga gwiwa za su cire." Ga gajimare ya fara haɗuwa gabas, ga gona na jira, ga mai gona zai rasa ƙafa.

Ranar kasuwa na ba direban motar Tawa saƙo. Na ce shi je labo shi ce ma mai leƙen fitsari, baiwarshi na kira. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa kiran kaina haka ba. Ya gane. Wanshekare da hantsi munka ji kukan mobilet.

Ya tarar da taron safe an zauna. Ya yi sallama ya ce, "Ina ɓarawon da ya sace mini baiwa? An ce Allah ya kama shi ta ƙafa."

Malam ya ce, "Ka zo a makare, mai leƙe. Nan ba fitsari. Amma zauna ka ga magani, ba irin naku na asibiti ba."

Ya zauna. Anka zuba, kumfa ta tashi, anka yi kabbara. Shi kaɗai bai yi ba. Ya duƙa ya daɗe shina duban raunin, ya danna gefe, ya sunsuna. Na ga wasa ya bar fuskarshi, abin da ban cika gani ba. Sa'annan ya ɗago da murmushi ya ce, "An yi baƙo daga birni, ba a yanka mishi komai? Baiwa, ina ɗan akuya?"

Malam mutum ne mai kunyar baƙo. Anka kama ɗan bunsuru lafiyayye, mai sheƙi, anka yanka. Taubashina ya ce a kawo mishi hantar da ɗuminta. Ya raba ta, ya ba da rabi a gasa, rabi ya aje cikin tasa gaban tsofaffi.

"Wanga bunsuru, ciwon mi gare shi?"

Sunka ce lafiyarshi lau, da safen nan ya tsallake danga.

Ya karɓi kwalbar ya tsiyaya bisa ɗanyar hanta. Wallahi kumfar da ta tashi ta fi ta ƙafar Malam, har ta cika tasa ta zubo ƙasa. Wani tsoho ya fara kabbara ya haɗiye ta a tsakiya. Anka kawo gasasshiyar, ya yanki ɗan guntu ya sa a wata tasa ya zuba. Shiru. Ruwa ya kwanta kamar na alwala.

Ya ce, "Ɗan'uwa, kumfar nan ba ciwo ba ce. Ruwan ga dangin wanda sojojin jininka ke ƙona cuta da shi ne, sai dai su da ɗigo suke aiki, kai da kwalba. Duk sa'ad da ka zuba, gobara ka sa musu. Sai su fasa tulunansu, su da duk naman da ke kusa, su saki abin da ke kashe ƙunar, shi raba ta biyu, rabi ruwan banza rabi iska. Iskar ce kake gani tana kumfa. Abin da suke sakin nan danginshi ɗaya da farin ƙwai, shi ya sa da wuta ta taɓa hantar ya mutu, ba ta yi kumfa ba. In ka shekara kana zubawa za ka shekara kana ganin kumfa, muddin da sauran nama mai rai. Da dare su yi ta saƙa maka sabuwar fata, siririya kamar ɓawon albasa, da safe ka fito ka ƙone ta, a yi maka kabbara."

Malam ya dubi tsofaffi, ya dubi kwalba, wuyanshi ya kumbura.

"Hantar akuya ce ƙafata? Kun ji mini mutum! Ka ci bunsuruna, ka zubar mini da magani, ka kuma zage shi gaban mutane. Wanda ya aiko shi mahaukaci ne? Nema yake shi gurgunta ni?"

"Ban ce ba."

"Ka ce! Ku da kunka yi lakwal ba ku son ganin alheri ya fito ta hannun wani. Ba ni kwalbata."

Ya fizge ta, ya sake tsiyayawa bisa raunin da gayya. Ya ja jiki ya shige ɗaki. Taro ya watse ba sallama.

Na iske taubashina bayan rumbu shina cin gasasshiyar hanta shi kaɗai, ba ya jin daɗinta. Ya ce, "Na yi aikin banza. Mutumin nan ba jahili ba ne, ya gani da idonshi. Mi ya riƙe shi?"

Na ce, "Kai da ke ganin abin da ke cikin ɗigon jini, ba ka ga wanga ba? Wa ya aiko da kwalabe?"

Ya daina tauna. Ya bugi goshinshi. "Ɗan fari! Wayyo ni. Ashe ba ƙafa yake wankewa ba." Ya miƙo mini sauran hantar, abin da bai taɓa yi ba, ya goge hannu a tsummanshi na tsatsa ya nufi ɗaki. Na bi shi na tsaya bakin ƙofa.

Malam ya juya ma ƙofa baya. Taubashina ya zauna a bakin gado ya ɗauki kwalba ɗaya, ya ɗaga ta shina juyawa kamar mai sayen zinariya.

"Ka san irin wagga ko a asibitin Tawa yanzu sai an sha wuya ake samunta?"

Na ga kunnen Malam ya motsa.

"Yaron nan ya san abin da ya saya. Na gari ne, ba jabu ba. Ranar da mutum ya yanke, ƙasa da kashin dabba sunka shiga raunin, ruwan ga ke kore su, ranar farko kaɗai. Kamar wutar da kake sa ma gona ce kafin shuka. Ka taɓa sa mata wuta bayan gero ya tsiro?"

Malam ya ce, can ƙasa, "Sai mahaukaci."

"To ƙafarka ta tsiro, ta wuce wurin. Amma ga damina tafe. Kowace shekara hauya na cin mutane a garin ga, ƙaya na ci, gatari na ci, ga magani ya yi tsada. Kwali guda na maganin Abijan, ka ƙarar da shi bisa tsohuwar ƙafa ɗaya da ko kura ba ta so? Wanga ai rowa ce. Ka aje shi a hannunka. Duk wanda ya yanke a fara kawo shi nan, ka wanke mishi sau ɗaya, ka tura shi wurin manjo. Kowa ya zo sai ya tambayi wanda ya aiko, kowa ya tafi sai ya sa mishi albarka da sunanshi. Kai ba ruwanka, ba kai ka faɗi ba."

Can Malam ya juyo, idonshi ya kaɗa.

"Sau ɗaya ka ce?"

"Sau ɗaya."

"To ni fa, da mi zan wanke tawa?"

"Ruwan da anka tafasa da ɗan gishiri, shi huce. Tsumma mai tsabta. Allurar manjo, ba tsallake. Ƙafa bisa matashi. Ka ci ƙwai, ka ci ganye, ka ci tumatir, sojoji ba su cika tulu da yunwa. Sauran aikin ka bar musu, sun fi ni sun fi ka."

Malam ya ce, "Bunsuruna dai ya tafi a banza."

"Wane banza? Kai da ƙafafu na nan, baiwa za ta dafa mini kafin in tafi."

Bai tafi ba sai da ya kwana biyu, shi da manjo sunka yanke mataccen naman da ke gefe, Malam na zaginsu su duka, manjo na ba da haƙuri, taubashina na ramawa. Bayan nan duk ranar kasuwa sai ga mobilet, da tumatir ɗaure a baya. Raunin ya fara ja daga ciki, jan nan mai kyau irin na cikin kankana, bakinshi ya riƙa matsowa a hankali. Shuka ta wuce Malam na zaune, maƙwabta sunka yi mana gayya. Noman farko ya fita da sanda ya tsaya bakin gona shina faɗa. Ran da anka fara girbi, da kanshi ya ɗauko damin farko a ka, ya shigo gida ya sauke shi gabana, sai guɗa ta kuɓce mini.

Ƙofar gidanmu kuwa ta zama wurin zuwa. Wanda ya fara zuwa wani magini ne da dutse ya fasa ma yatsa. Malam ya zuba mishi, kumfa ta tashi, mutumin ya ce ciwo na fita. Malam ya daka mishi tsawa: "Wane ciwo? Mutanenka ne ke kashe gobara. Tashi ka tafi wurin manjo, kada ka dawo gobe." Maginin ya tafi shina sa ma ɗanmu albarka da sunanshi, da ƙarfi, har ƙarshen lungu. Malam ya duƙa shina neman murfin kwalba, alhali murfin na hannunshi.

To, kun ji yadda anka yi.

Manjo an ɗauke shi an kai wani gari can gabas, mun ji ya yi aure, Hausarshi ta miƙe. Babban ɗanmu ya dawo da damina ta gaba, ya tarar da yara na nuna shi a hanya suna cewa ga mai ruwan kumfa. Yanzu shina da shago a Tawa, da ɗiya huɗu, har yau ubanshi bai faɗi sunanshi ba. Matar marigayi na nan ɗakinta, ta gama takaba, ɗiyanta na kula da ita, ta hana a sayar da mobilet. Shi kuwa taubashina, da ya aje aiki gida ya dawo, ya gina ɗaki kusa da namu. Shekarunshi na ƙarshe shi da Malam sunka cinye su a gindin iccen bedi, suna dara suna musu, kowa na rantsuwa ɗan'uwanshi ya saci ɗan dara. Ni ga ni nan, haƙora sun tafi, ba mai tsokanata, in na ji kukan babur daga nesa har yanzu sai in gyara ɗankwali in shirya baƙar magana.

Malam shina nan da ranshi, shina zuwa gona. Mu mata ba mu zuwa maƙabarta, amma waɗanda sunka je sun ba ni labari. Da anka kai gawa bakin kabari, anka ce samari biyu su sauka su karɓa. Malam ya ture na gaba, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando har gwiwa, tabon na sheƙi a rana. Liman ya ce, "Malam, ka tsufa da wanga aiki, bar ma yara." Ya ce, "Ƙafar tashi ce, aro ya ba ni. Bari ta yi mishi aiki ko sau ɗaya." Ya sauka da ƙafafunshi biyu, ba mai riƙe shi, ya karɓe shi ya kwantar.

Allah shi haskaka makwancinshi, shi yayyafa mishi ruwan rahama. Ku shafa, ku tashi, na gama.